Ɗan Sukuwar Desmond Tranter

A garinmu Ambleford da ke Ingila babu wanda bai san jinin tsere na gudana a jikin Desmond Tranter ba, don shi da kansa ya faɗa wa kowa, wasu ma har sau goma. Sana'arsa sayar da kafet da labule ce. A titi kuwa, idan ka ga layin motoci ya yi tsawo a hanyar kasuwa ana ta hon, ba sai ka leƙa ba, Desmond ne a gaba. Amma bari ya shiga mashayar Baƙin Doki ya jingina da kantar sayar da abin sha, sai ka rantse an haife shi da sitiyari a hannu.

Duk wannan cika baki a kan motar gwaggonsa yake yinsa. Gwaggo Winifred, wadda muke kira Winnie, yayar mahaifinsa, tana da wata 'yar koriyar mota ƙirar Brindle ta shekarar 1934, mai kujera biyu, ba rufi, hancinta dogo, bayanta guntu. Motar nan ta ga duniya. A 1936 motoci sittin suka zo gasar hawan laka da ƙungiyarmu ta masu motoci ke yi duk Fabrairu, ita kaɗai ta kai ƙololuwar tudun da muke kira Wuyan Agwagwa. Ta sake a shekarar da ta biyo, ta kuma sakewa, har mazan ƙungiya suka fara cewa ko a duba injin. Bayan yaƙin duniya na biyu ta yi tseren rairayi a bakin teku, ta zo ta biyu da fitila ɗaya. Duk wannan Gwaggo Winnie ce a sitiyari. Amma a bakin Desmond kullum sai ka ji “shekarar da muka ci kofi”, alhali a shekarar yana aji ɗaya a firamare, majina na zuba.

To, a farkon 1974 Gwaggo Winnie ta cika saba'in da tara, ta yanke shawarar komawa wani ɗan ƙaramin gida a bakin teku wanda ba shi da gareji. Ba ta da 'ya'ya. Ta kira Desmond da matarsa Hester shan shayi, ta bari sai da ya cika bakinsa da kek kafin ta yi magana.

“Shekara ashirin ina jin labarin yadda ka iya tuƙi, Desmond. Gasa saura mako uku. Ka kai ta saman Wuyan Agwagwa, ta zama taku. Ka kasa, ranar Litinin mutanen gidan tarihi su zo su kwashe ta, da ma sun dame ni da wasiƙu.”

Desmond ya haɗiye kek ɗin da ƙyar, ya ce ai da ma ta ce ya hau da ido rufe, da an ɗan samu abin kallo. Gwaggo ta ce ya dai buɗe su, ta kuma tuna masa doka: kowace mota sau ɗaya take gwada tudun.

Gaskiyar magana Desmond yana son motar nan har cikin ransa, wannan kam ba ƙarya ba ce. Kuma da ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, da wataƙila ya samu. A hawan laka direba rabin aiki ne. Sauran rabin na ɗan sukuwa ne, wato wanda ke zaune a gefensa yana tashi yana faɗawa kan kujera, don tayoyin baya su danne ƙasa su kama a daidai lokacin da suke neman sulɓewa. Tun rasuwar mijin Gwaggo, Hester ce ta yi mata sukuwa shekara goma sha biyu cur. 'Yar siririya ce, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta, amma tana jin taya a jikinta kamar yadda mai tuya ke jin mai ya yi zafi. Duk shekarun nan Desmond yana rumfar shayi da takalmi mai sheƙi, yana bayyana wa baƙi kurakuran da matan biyu suka yi.

A hanyar gida ya sanar da Hester cewa bana za ta huta. Ya ce ya daɗe yana nazarin abin, sukuwa lissafi ce: nauyi ke danne taya, don haka wanda ya fi nauyi ya fi dannewa. Hester ta ce ba nauyi ba ne, lokaci ne. Ya yi mata murmushin tausayi, ya ce abin da marasa nauyi ke faɗa ke nan.

Wanda ya zaɓa shi ne Ambrose Gudgeon mahauci. Ambrose mutumin kirki ne, ba ya iya cewa a'a, kuma ya kai buhun dankali uku a ma'auni ba tare da takalmi ba. Bai taɓa shiga ƙaramar mota ba, a motar ɗaukar nama yake yawo. Ya ce shi fa bai san komai a kan sukuwa ba. Desmond ya ce ai shi ya sa ya zaɓe shi, bai koyi kuskuren kowa ba.

Aka fara horo a falo, a kan doguwar kujerar da Hester ta gada daga mahaifiyarta. Desmond ya zauna a gefe riƙe da murfin tukunya a matsayin sitiyari, yana ƙirga ɗaya, biyu, Ambrose na tashi yana faɗawa. A faɗawa ta huɗu Desmond ya tsinci kansa a sama, murfin a hannu. A ta bakwai ƙafar kujera ta karye. Ba su gama tashi ba maƙwabciyarsu Misis Pettifer ta ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da gutsuren farantin da ya faɗo daga bangonta, tana tambaya ko an sake fara yaƙi ne ba a gaya mata ba. Desmond ya ce mata kimiyya ake yi. Ta ce to kimiyyar ta zo ta share mata ɗaki.

Mako na biyu aka je gwada shigar da Ambrose cikin motar. Ƙafa ɗaya ta shiga lafiya. Sauran jikin ya ƙi. Aka juya shi ta gefe, aka ce ya saki numfashi, Desmond ya sa kafaɗa ya tura, har dai ya zauna da wani sauti da ya sa tantabarun garejin suka watse. Motar ta karkata gefe guda, hancinta ya ɗaga yana kallon rufin gareji. Ƙofa ta ƙi rufuwa, sai Desmond ya ɗauko igiyar labule mai tuntu daga shagonsa ya ɗaure ta. Fitar da Ambrose ta ci rabin awa da sabulu guda. Kafin yamma labari ya zaga gari, mata suka riƙa shiga shagon nama suna tambayarsa ko yana sayar da sabulu.

Sai batun taya. Ko yaron goye a kwarin nan ya san kafin a hau laka ana rage iskar tayoyin baya su yi laushi, su baje su kama ƙasa. Desmond kuwa ya karanta a wani littafi cewa manyan 'yan tseren kwalta tauri suke sa wa tayoyinsu. Ya kama famfo ya banka musu iska har suka yi ƙarar ganga. Hester ta tsaya a bakin gareji ta ce masa ya rage. Ya ce ta riƙa kallon manyan abubuwa, ta daina kallon ƙauye. Ta juya ta shiga gida, shi kuma ya ɗauka ya ci gardama.

Ranar gasa ta zo da ruwan da ya kwana uku yana zuba. Kowa ya fito da takalmin roba da tsohuwar rigar ruwa. Desmond ya fito cikin fararen kayan tsere tun daga wuya har idon sawu, da tabarau na iska, da farin mayafin siliki a wuya. Sauran direbobi suka hau tudun da ƙafa kamar yadda aka saba, suna soka sanda a laka suna duba inda rami yake. Desmond ya ce shi tudun yana cikin kansa, ba ya buƙatar ya ɓata kaya.

Tsoho Arkle, wanda ya shekara talatin yana riƙe tutar farawa, ya zagaya motar, ya danna tayar baya da babban yatsa, yatsan ya dawo masa.

“Mista Tranter, wannan taya ce ko dutsen niƙa?”

“Sabon salo ne, Arkle. Ba za ka gane ba.”

“Shi kuma wannan bawan Allah, fasinja ne ko kaya? Don in kaya ne sai an ɗaure shi da kyau.”

“An ɗaure ni,” in ji Ambrose a sanyaye, yana nuna igiyar labule.

Wuyan Agwagwa tsohuwar hanyar shanu ce mai zurfi, shinge dama da hagu. Ƙasanta duwatsu ne, sai ta lanƙwasa, sai laka ja mai santsi. A tsakiyar lakar ne ake ja farin layi, inda dole mota ta tsaya cak, sannan ta sake tashi ba tare da ta koma baya ba. A nan 'yan kallo ke taruwa, don a nan ake shan kunya. A nan Gwaggo Winnie ta kafa 'yar kujerarta, bargo a gwiwa, Hester na tsaye a bayanta. Motoci ashirin da biyu sun riga sun gwada, biyar suka wuce.

Arkle ya sauke tuta. Desmond ya ce ɗaya, biyu, tun kafin a ga laka, Ambrose kuwa ya fara aiki tsakaninsa da Allah. Nan Desmond ya gano wani abu da lissafinsa bai faɗa masa ba. Duk lokacin da Ambrose ya faɗo, tayoyin gaba sai su bar ƙasa, sitiyari ya zama abin ado. Motar ta riƙa hawa da tsalle, tana zuwa inda ta ga dama, ta gaisa da shingen hagu, ta dawo ta gaisa da na dama. Wata ƙaya ta karɓe mayafin siliki ta riƙe. A lanƙwasa Desmond ya murɗa hagu, motar na sama, ta sauko cikin sawun motocin da suka wuce, sawun ya juyar da ita da kansa. Ko ta yaya dai, sai ga su a kan farin layi. Desmond ya ja birkin hannu, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar ya riga ya gama.

Mai tutar tsakiya ya ba da alama. Desmond ya saki birki ya taka totur har ƙasa.

Tayoyin nan masu tauri suka kama juyawa a wuri ɗaya suna kuka. Laka ta tashi a baya kamar an buɗe famfon kashe gobara. Ta fara da mai tuta, ta wuce kan shugaban ƙungiya da sabuwar hularsa, ta ƙare a teburin da matan coci suka jera kek. Motar ko gezau. Desmond ya ce wa Ambrose ya ƙara. Ambrose ya ƙara, kuma kowace faɗawa sai ta ƙara dasa su cikin ƙasa, har salansa ta fara tafasa laka tana ɓulɓul. Jama'a suka fara tafi suna ƙirga masa, ɗaya, biyu, wasu na dariya har da riƙe shinge. Hester ta sa hannu biyu a baki tana cewa ya rage totur, ya bar taya ta huta. Desmond ya ga bakinta na motsi, ya ɗauka kirari take masa, ya jinjina mata.

Ƙasan motar Brindle katako ne, kuma katakon ya girmi Ambrose. A faɗawa ta wajen talatin ya ce ya gaji. Aka ji ƙas, kujera ta zurma, Ambrose ya nutse har hamata, ƙafafunsa suka yi sama. Gwiwarsa ɗaya ta daki sandar giya ta fitar da ita. Injin ya yi wata ƙara a banza, motar ta ɗan yi shiru kamar tana tunani, sannan ta fara komawa inda ta fito.

Desmond ya laluba birkin hannu, ya tarar Ambrose na zaune a kansa. Ya taka na ƙafa, laka ta ce ba ta san zancen ba. Motar ta bi sawunta da baya tiryan-tiryan, ta sha lanƙwasa da kyawun da ba ta yi ba a hawa, ta wuce mayafin siliki yana kaɗawa a kan ƙaya. Ambrose, wanda ke jin kowane dutsen hanya ta wurin da bai kamata ba, ya riƙa kiran sunan matarsa. A ƙasa tsoho Arkle ya matsa gefe cikin natsuwa, ya ɗaga musu tuta suka wuce. Suka ƙetare layin farawa, suka shige ƙofar gonar da ke fuskantar tudun, suka tsaya a hankali cikin tulin takin shanun da manomin ya tara tun kaka.

Kafin jama'a su gangaro Desmond ya fito, fari daga ƙirji zuwa sama, sauran kuma ba a magana. Ya tare Arkle ya ce yana neman a sake ba shi dama, don abin da ya faru matsalar inji ce.

“Sau ɗaya ake gwadawa,” in ji Arkle. “Kai ma ai ka more, ka ga tudun sau biyu.”

“Fasinjana ne bai bi ƙirga ba.”

Muryar Ambrose ta fito daga tsakanin gwiwoyinsa. “Na bi, Desmond. Katakon ne bai bi ba. Don Allah a kira tarakta.”

Aka kira. Sai da aka zura ɗamara a hamatar Ambrose aka ɗaga shi da ƙugiyar tarakta, ya fito da ragowar kujera maƙale a bayansa, jama'a suka yi masa tafin da ba a yi wa wanda ya ci kofi ba. Shugaban ƙungiya ya zo yana kankare laka daga kunnensa, ya ce a tarihin gasar ba a taɓa samun wanda ya ƙare nesa da ƙololuwa fiye da inda ya fara ba, don haka ba su ma san makin da za su rubuta masa ba. Misis Pettifer ta ce su rubuta kimiyya.

Gwaggo Winnie ce ta iso a ƙarshe, tana dogara sanda, Hester na riƙe da hannunta. Ta zagaya motar, ta leƙa ramin da ke ƙasanta, ta soka sandarta a taya. Desmond ya fara bayani a kan yanayin lakar bana. Ba ta ko kalle shi ba.

“Hester, 'yata, da ke ce a kujerar nan, da ta hau?”

“Da ta hau, Gwaggo. Ko da shi a sitiyari.”

“Na sani. Shi ya sa na sa sharaɗin da sauƙi. Na ɗauka ko jaki aka ba wa ke zai kai.”

Sai a lokacin Desmond ya dubi matarsa da kyau. Hester ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ciro hankici tana goge taki daga fitilar motar a hankali. Mako uku bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa motar da ake shirin ɗaukewa ita ma tata ce ba, ita da ta fi shi sanin kowace ƙarar da motar ke yi. Kunya ta rufe shi. Mu da muka san shi mun shaida ya yi kusan minti goma sha biyar bai ce uffan ba, kuma har yau ana maganar.

Ranar Litinin da hantsi mutanen gidan tarihi suka zo da babbar mota suka ɗauki Brindle. Desmond ya tsaya a bakin gareji har ta sha kwana.

Sun gyara mata ƙasa, sun ajiye ta a tsakiyar zaure, an kewaye ta da jan igiya, an kafa allo mai jerin tserenta shekara bayan shekara. Layin ƙarshe ya ce a 1974 D. Tranter ya sauko Wuyan Agwagwa da baya. Da yake tsohon inji ba ya son zama, sai suka nemi wanda zai riƙa zuwa duk Asabar ya tayar da shi ya ɗan ɗumama, suka tambayi Gwaggo, ta ba su sunan Hester.

Desmond ya raka ta Asabar ta farko. Kafin ta gama zama a kujerar direba ya riga ya tara baƙi shida a gaban allon, yana gaya musu cewa hawa kowa na yi, amma saukowa da baya cikin wannan gudu, da mahauci a kan birki, mutum ɗaya ne a duk Ingila ya taɓa yi, kuma ga shi a gabansu. Hester ta tayar da injin, zauren ya cika da ƙararsa. Desmond ya tsaya a tsakiyar jimla. Bai san lokacin da ya ɗaga ƙafa ya ƙetare igiyar ba, hannunsa a miƙe zuwa ga bonet.

Mai gadin zauren ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi. “Yallaɓai, baƙi ba sa taɓawa.”

Desmond ya dubi matarsa, yana jira ta faɗa wa mutumin ko shi wane ne. Hester ta ɗan taɓa totur, ta karkata kai tana sauraron injin.

“Ka ji abin da aka ce, Desmond,” in ji ta. “Koma bayan igiya.”